Mota Mai Ido Ɗaya

Ni direba ne, mutumin wani ƙauye arewa da Tasawa. Ina jan wata tsohuwar Toyota Hiace. Ba tawa ba ce ni kaɗai. Ni da ƙanena muka haɗa kuɗin gyaɗa da na tumaki muka saye ta. Da ita nake kai mutane kasuwa, Tasawa, Gazawa, Agye, wani lokaci har Maraɗi. A duk garinmu ita ce mota guda. In ciwo ya kama mutum da tsakar dare, ƙofata ake bugawa.

Yau ina so in ba ka labarin fitilar motar nan. Kada ka ce kai ba ka da mota, ba ruwanka. Kana shiga mota. Kana kora amalanke bisa hanya da dare. Wataƙila ɗanka yana da babur. Fitilar da direba ya sa ma motarsa, ta kirki ko ta banza, ranka yana cikinta.

Da kakar 2022, muna dawowa daga kasuwa da almuru, wani sa ya yanko hanya. Na taka birki, Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma ƙahonsa ya fasa fitilar hagu. Gilashi ya zube, ƙwan da ke ciki ya mutu.

Washegari na buga ma wani ɗan'uwanmu waya a Yamai. Na roƙe shi ya je gidan da ke saida motoci sabbi da kayansu, ya tambayo mini. Da yamma ya kira ni ya faɗi kuɗin. Na yi shiru. Kuɗin fitila guda ya fi abin da nake samu cikin wata biyu. Ga shi kuma sai an jira, ga Yamai nesa da mu, fiye da kilomita 700.

Ban zarge su ba. Kayansu sabo ne, daga masana'anta ya fito, an biya jirgi, an biya duwan. Tsofaffin direbobi suna cewa tun watan Janairu na 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, sabon kayan mota ya yi ma talaka nisa. Amma sanin dalili ba ya sa kuɗi cikin aljihu. Sai na ce ma kaina, ai ido ɗaya ma yana gani. Na ci gaba da tafiya haka har wata biyu.

Ran nan, wajen ƙarfe 2 na dare, ƙanena ya buga ƙofa. Matarsa ce naƙuda ta yi ma tsanani. Ungozoma ta ce a kai ta likita. Muka sa ta cikin mota, ita da mata biyu. Da muka hau kwalta sai ga wata babbar mota ta taho. Na ga ba ta matsa gefenta ba. Tana ta zuwa tsakiyar hanya, kai tsaye wajena. Da na ga za mu haɗu, na murɗa sitiyari dama, muka faɗa cikin rairayi. Mata suka yi salati. Mai babbar mota ya tsaya, ya sauko jikinsa yana rawa. Ya ce, "Malam, wallahi na zaci babur ne a bakin hanya."

Gaskiya ya faɗa. Fitilata ta dama ce kaɗai ke ci. Rabin motata na hagu, wanda ke wajensa, yana cikin duhu, bai gan shi ba. Shi da yaransa suka taimaka muka fid da mota daga rairayi. Mun ɓata kusan awa guda, mace tana nishi a baya. Allah ya yi da sauran kwana, ta sauka lafiya, an samu ɗiya. Amma daren nan ban yi barci ba. Rai 6 na so in saida don gudun kuɗin fitila.

Da gari ya waye na rantse ba zan sake tuƙin dare da ido ɗaya ba. Nan kuma na yi kuskure na biyu. Na tafi tasha wurin wani mai tebur. Ya ba ni fitila sabuwa cikin kwali, mai araha ƙwarai. Ya haɗa mini da ƙwai biyu, ya ce waɗannan sun fi na kamfani haske. Na biya ina murna. Yaron motata ya ɗaura.

Haske kam akwai shi, fari fat. Amma duk motar da na gamu da ita sai ta yi ta walƙa mini wuta, wasu har da zagi. Ni kuma ina ganin kan itatuwa sarai, ramin da ke gabana ba na ganinsa. Bayan sati 3, wani dare na ji warin roba tana ƙonewa. Kafin in tsaya wuta ta ɗauke gaba ɗaya. A daji muka kwana, ni da fasinja 14. Garin neman gira na rasa ido.

Wani abokin tuƙi ne ya kai ni wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota a Maraɗi. Rumfarsa ƙarama ce, ta kwano, cike da wayoyi. Ya buɗe, ya zaro ƙwan, ya riƙe shi ta gindi. Ya ce, "Ɗana, ka iya karatu?" Na ce, "Na iya kaɗan, Baba." Ya ce, "To karanta mini abin da ke jikin ƙarfen nan."

Na duba. An rubuta H4, an rubuta 12V, an rubuta 100/90W. Ya ɗauko ƙwan da ke dama tun asali, wanda na aje cikin akwati. Shi kuma an rubuta H4, 12V, 60/55W. Baba ya ce, "Ka gani? Amsar tana hannunka tun ranar da ka saya, ba ka duba ba."

Ga abin da ya bayyana mini, ni ma ina bayyana maka. H4 sunan irin ƙwan ne. Akwai H1, akwai H7, akwai wasu, kowane da mazauninsa. H4 yana da zare biyu a ciki. Ɗaya na babbar wuta ne, wadda direbobi ke kira far. Ɗaya na ƙaramar wuta ne, wadda ake kira kod. 12V ƙarfin batir ne. Ƙananan motoci 12 gare su, manyan motocin kaya yawanci 24. Lambar ƙarshe, mai W, ita ce yawan wutar da ƙwan ke ci. An yi wayoyin motata don 60 da 55. Ni kuwa na ɗora musu 100 da 90. Kamar ka aza ma jaki kayan raƙumi ne. Wayoyi suka yi zafi, mazaunin ƙwan ya narke.

Sai ya duba fitilar da na saya a tasha. Ya nuna mini madubin da ke ciki, wanda ke tattara haske ya tura shi gaba. Ya riga ya fara dushewa, kuma bai zauna daidai ba. Ya ce, "Wannan ba fitila ba ce, kamanninta ne."

Na ce, "To Baba, yaya talaka zai yi? Ta kamfani ta fi ƙarfina, ta tasha ta cuce ni." Ya ce, "Tsakanin biyun nan akwai hanya. Tashi mu tafi."

Ya kai ni wurin masu saida kayan tsofaffin motoci. Irin wuraren nan suna nan a manyan garuruwa, Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Motar da ta yi haɗari ta baya, fitilunta na gaba lafiya lau suke. Na asali ne, an dai yi aiki da su. Aka fito mana da guda 3. Baba bai yi gaggawa ba. Ta farko ya ɗaga ta ga rana, ya ga tsaga a gilashi, ya aje. Ya ce ƙura da ruwan damina za su shiga. Ta biyu kunnenta guda ya karye an liƙe, wato wurin da ake ɗaure ta ga mota. Ya ce hanyar ƙauye za ta girgiza shi ya sake rabuwa. Ta uku gilashinta lafiya, madubinta yana ƙyalli, robar bayanta tana nan.

Amma bai biya ba tukuna. Ya ce akwai sauran abu guda, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Mu a Nijar hannun dama muke bi. Japan da Ingila hannun hagu suke bi. Nijeriya ma hagu take bi kafin 1972. Ana yin fitila daidai da hannun ƙasar da za a kai ta. Tamu tana ɗaga haske wajen dama, don ka ga mai tafiya ƙasa da dabba a bakin hanya, tana kwantar da shi wajen hagu, don kada ka kashe ma mai zuwa ido. Ta ƙasashen hagu akasin haka take yi. In ka sa ta nan, haskenta cikin idon mai zuwa zai shiga. Kayan tsofaffin motoci kuwa daga ƙasashe dabam-dabam suke zuwa. Saboda haka Baba ya sa ƙwai, ya haɗa da batir, ya haska bango cikin inuwa. Muka ga layin haske ya miƙe a hagu, ya hau sama a dama. Ya ce, "Wannan tamu ce."

Muka yi ciniki. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka faɗa mini a Yamai ba. Baba ya sa mai kaya ya yarda gaban shaida, in ba ta zauna ba a maido. Muka sayi ƙwai biyu na 60/55. Ya hana ni taɓa gilashin ƙwan da yatsa. Ya ce maiƙon hannu yana zama bisa gilashi, wurin ya yi zafi fiye da sauran, ƙwai ya mutu da wuri. A riƙe shi ta ƙarfe, ko da tsumma mai tsabta.

Ya canza mazaunin da ya narke da guntun wayar da ta ƙone. Ya duba fiyus, wato ɗan abin nan mai siririyar waya da ke yankewa in wuta ta yi yawa. Nan ya tarar yarona ya taɓa ɗaure wurin da zaren waya. Baba ya yi faɗa ƙwarai. Ya ce fiyus mai gadi ne, yana mutuwa don mota ta tsira. Wanda ya sa waya a madadinsa ya kori mai gadi, ya bar gobara ta shigo.

Aikin ƙarshe sai da magariba ta yi. Ya sa na tsai da mota wuri mai daidai, hancinta dab da bango. Na kunna kod. Ya auna tsayin tsakiyar kowace fitila daga ƙasa, ya ja layi da gawayi bisa bango. Ya ce in ja baya mita 10, wato kamar taki 13. Ya ce layin haske na hagu ya kamata ya sauka ƙasan layin gawayi da santimita 10, kamar faɗin tafin hannu. Bayan kowace fitila akwai sukuru biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Ya yi ta juyawa a hankali har suka daidaita. Bai ɗauki minti 15 ba.

Yana aiki yana ba ni labari. Ya ce sa'ad da yake yaro, Peugeot 404 da 504 da ke zuwa daga Faransa fitilunsu rawaya ne, don dokar can haka ta ce har 1993. Ya ce, "Ba launi ne magana ba, ɗana. Fitila ba taka ce kai kaɗai ba. Rabinta na wanda ke zuwa ne."

Daren nan na koma gida, na ga hanya kamar ban taɓa ganinta ba. Ba wanda ya walƙa mini wuta. Kusa da Gazawa na hango amalanken shanu da ba shi da ko tocila. Na gan shi da sauran tazara, na rage gudu, na wuce lafiya. Ka sani, motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Kod kuwa ba ta haska nesa. Daƙiƙa biyu ko uku ne tsakanin direba da abin da ya gani.

To ɗan'uwa, in kai direba ne, ga abin da na koya da wahala. In fitila ta mutu, kada ka fara da sayen sabuwa. Sau da yawa ƙwai ne kawai, ko fiyus, ko wayar mas ta yi tsatsa inda ta kama jikin mota. Waɗannan gyaran ƴan kuɗi kaɗan ne. In fuskar fitilarka ta roba ce, rana ta mai da ita rawaya, mai gyara yana iya goge ta ta washe. In ta fashe, nemi ta asali wurin masu tsofaffin kaya, ka tafi da wanda ya san aiki. Tafi da tsohon ƙwan, ka karanta lambobinsa, ka sayi irinsa. In an nuna maka ƙwan zamani mai farin haske, gwada shi ga bango tukuna. In haskensa ya watse ba layi, bar musu kayansu. Kuma kada ka bar wurin mai gyara sai an daidaita wuta.

In kuma kai fasinja ne, kafin ka shiga motar dare ka dubi idanunta. In ɗaya ne, ka yi magana, ba rashin kunya ba ne. In mai amalanke ne kai, rataya tocila ko farin ƙyalle a baya, ka bi gefe. Ka taimaki idon direba.

Ɗiyar ƙanena yanzu tana gudu tsakar gida. Duk sa'ad da na dawo, ita ke fara tarbona bakin mota. Ni kuma kowace yamma, kafin in tashi daga tasha, sai in kunna wuta, in sauko, in zagaya gaba in ƙirga: ɗaya, biyu. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.