Kafin ki ce mata "je ki tambayi babanki"

'Yar uwa, idan 'yarki ta shiga SS1 ajin kimiyya, ba za a daɗe ba za ta kawo miki littafi da wannan layi: v = u + at. Malam ya ce a fitar da a ita kaɗai. Ki ajiye waya ku zauna tare, don abin bai fi ƙarfinki ba.

Maganar mota ce kawai. Harafin u shi ne gudun da ta fara da shi, v gudun da ta kai, t daƙiƙun da ta ɗauka, a kuwa yawan ƙaruwar gudun a kowace daƙiƙa.

Ki ɗauki alamar = tamkar sikelin mai nama: abin da aka cire a hagu, dole a cire shi a dama. Ku cire u a ɓangarorin biyu, saura v − u = at. Ku raba kowane ɓangare da t, sai a = (v − u) ÷ t. Motar da ta tashi daga mita 10 a daƙiƙa zuwa mita 30 cikin daƙiƙa 5, ƙarin gudunta 20 ne. A raba da 5, amsa 4.

Abin da ke ɓata min rai shi ne haddar nan ta "idan ya tsallaka ya canza alama". Yarinya za ta rera shi kamar waƙa, sannan ta manta da baka biyun nan, ta raba 10 kaɗai da 5, ta samu 28. Ashirin da takwas fa! Ya kusa ninka ƙaruwar gudun dutsen da ke faɗowa daga sama sau uku, don shi 9.8 ne.

Mu a asibiti wannan juyin muke yi kullum. Likita ya rubuta ruwa mililita 500 cikin awa 4, robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ni zan juya lissafin in samu ɗigo 42 a minti, ga majinyaci kwance yana jira. Kuma mai son digirin aikin jinya sai ta rubuta Fiziks a JAMB, tare da Kemistiri, Bayoloji da Turanci.

In ta samu amsa, kada ki ce mata daidai ne ko ba daidai ba. Ki sa ta mayar da 4 ɗin cikin layin farko: 10 da 4 sau 5. Ta gani da idonta ko 30 zai fito.