Kwanon Tuwo A Ƙofar Gidan Yari

Kowace ranar Juma'a, tun kafin rana ta take, akan ga wata tsohuwa a ƙofar wani gidan yari, tana tsaye cikin layin masu ziyara, riƙe da kwanon tuwo ɗaure cikin tsumma. Gandirobobi duk sun san ta. Sukan ce, "Iya, yau ma kin zo?" Ita kuwa ta ce, "Na zo, 'yan nan, yaya jikin nasa?" Sai ta kwance tsumman, ta ɗanɗana loma ɗaya a gabansu kamar yadda aka saba, sa'an nan a karɓa.

Ɗanta ne a ciki. Shekara uku ke nan da aka kama shi bisa zargin satar babur, har yau alƙali bai ce ya yi ba, bai kuma ce bai yi ba. Ya shiga da ƙarfinsa, ga shi yanzu ƙazuwa ta cinye masa jiki, tari ya ƙi barinsa barci. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya duba shi, ya rubuta takarda, amma ya ce sai dai a sayo daga waje. Da ribar ƙuli-ƙuli take sayowa.

Mai karatu zai ce, to, ina gwamnati? Amsar tana cikin lissafi. A watan Disamba na 2023, shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya gaya wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa naira 750 ake kashewa wajen ciyar da fursuna ɗaya a yini, alhali kuwa karen hukumar naira 800 yake ci. Waɗannan kuɗi ba su sayen mudun shinkafa guda a wannan lokaci, kuma a cikinsu ne ɗan kwangila zai fitar da haraji da makamashi da ribarsa, abin da ya rage a raba shi ci uku. A 2024 aka ƙara kuɗin zuwa naira 1,125, amma kafin ƙarin ya iso tukunya, tsadar kaya ta riga shi. Jikin da bai ƙoshi ba kuwa shi ne masaukin kowace cuta.

Bayan yunwa sai cunkoso. Gidan yarin Ikoyi da ke Legas an gina shi a 1955 domin mutum 800, amma a 2019 fiye da mutum 3,000 ne a ciki. A watan Disamba na shekarar nan wayar lantarki ta taɓa gadajen ƙarfe a wani ɗaki, fursuna biyar suka rasu. Inda ake kwana gefe da gefe, taga ƙarama, iska ba ta ratsawa, nan tarin fuka yake samun yadda yake so, domin ta numfashi yake bi. Ba ya tambayar wanda aka yanke wa hukunci da wanda ke jira, ba ya kuma tsoron rigar gandiroba. Ran da aka sallami mai shi, tare za su fita, su shiga mota, su kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa.

Abin mamaki, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan irin ɗan tsohuwar nan ne, watau masu jiran shari'a. Yawancinsu kuma kotunan jihohi ne suka aika da su. Tun 1968, lokacin da aka karɓe gidajen yarin En'e aka haɗa su ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, ita ce mai ciyarwa. Ashe ke nan mai turawa daban, mai biya daban. Wanda ba aljihunsa ke ciwo ba, me zai sa ya yi sauri? An gyara tsarin mulki a 2023 domin jihohi su ma su iya gina nasu gidajen, sai dai izini a takarda ba ya zama tubali sai an sa kuɗi.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta sake wa gidajen suna, suka koma gidajen gyaran hali, ta kuma buɗe hanyar hukunta masu ƙananan laifuffuka da aikin gayya ga jama'a maimakon ɗauri. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da sanarwar sakin mutum 4,068 waɗanda rashin kuɗin tara ya riƙe su, bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu. Mai karatu ya lissafa da kansa: ciyar da su kaɗai yakan ci fiye da naira miliyan 3 kowace rana, watau cikin wata bakwai abincinsu ya zarce abin da ake bin su. Duk kwabon da aka kashe wajen tsare wanda bai kamata a tsare ba, daga bakin mara lafiya aka cire shi.

Alƙali yakan yanke wa mai laifi ɗauri, bai taɓa yanke wa kowa tarin fuka ba. Balle wanda ko laifin ba a tabbatar masa ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Juma'ar da ta wuce an dawo wa tsohuwar da kwanonta, rabin tuwon na ciki. Gandiroban ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, yau bai iya ci sosai ba." Ta ɗaure kwanon, ta tambaye shi ranar da za a koma kotu. Ya ce an sake ɗagawa.