Mai Awo Ba Ya Shaidar Mudunsa

A shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi ma mutumin Minna ne, Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 38, wadda ta haifi hukumar nan da ake kira MRTB a taƙaice. Aikinta shi ne ta yi wa likitocin gashin ƙashi rajista, da masu gyaran magana, da masu awon ji, da makamantansu, ta kuma ba su lasin da za su riƙa sabuntawa kowace shekara. Sana'ar kuwa ta girmi hukumar nesa ba kusa ba, domin tun 1945 aka soma ta a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da ita a 1966.

To, akwai wani dattijo a unguwar Sauka Kahuta cikin Minna, tsohon akawu, wanda ya daɗe yana haɗa rahoton ƙarshen shekara a wata ma'aikata kafin ya ajiye aiki. Allah Ya jarrabi uwargidansa da shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo ta daga asibiti, kai ta kullum ya gagara, sai aka samo wani saurayi mai zuwa gida yana motsa mata gaɓoɓi. Hankalin dattijon bai kwanta ba, gama an faɗa masa kafaɗar da ta shanye ba ta son fizga, hannun da bai ƙware ba yana iya gurɗe ta, ciwo ya hau kan ciwo.

Babban ɗansa ya ce, "Baba, ai akwai hukuma, ita ta san adadin waɗanda ta tantance." Dattijo ya ce, "Ɗana, je ka Kasuwar Kure ka gani, mai hatsi ba ya zama shaidar mudunsa."

Ba wai yana zargin kowa da ƙarya ba ne. Abin da aikin ofis ya koya masa shi ne, rahoto yana iya zama gaskiya tsantsa, amma ya kasa amsa tambayar mai tambaya. Suna a littafin rajista daban, lasin na bana daban. Wanda ya rasu, da wanda ya tsufa ya huta, da wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya neman abinci, duk sunansu yana nan a littafi matuƙar ba a tace ba. Haka kuma jimillar ƙasa baki ɗaya ba ta nuna nawa ne ke aiki a Jihar Neja. Ƙarancin ƙararraki ma ba hujjar nagarta ba ce, in mutane ba su san ƙofar da za su buga ba.

Sashe na 85 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi yadda za a binciki kuɗin hukumomin gwamnati. Sai dai mai binciken kuɗi naira yake ƙirgawa, ba ya sanin ko an kai ziyarar dubawa ko an hukunta ɗan bogi. Saboda haka rahoton kirki, a ganin dattijon, shi ne wanda zai bayyana masu lasin mai rai jiha jiha, da ƙararraki nawa aka karɓa, nawa aka yanke, watanni nawa suka ci, sa'an nan wani na waje ya gwada shi da takardun asali. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon neman irin wannan bayani a rubuce, ta kuma yanka wa hukuma kwana bakwai ta ba da amsa.

Lalle gani ya kori ji. Duk mai jinya a gida, ya nemi ganin lasin na bana da lambar rajista kafin hannu ya taɓa majiyyaci. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.