Gidan Mutumin da Uwa Ba Ta Haifa Ba

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Baker Street ta birnin Landan, tun a bango zai fara cin karo da shi: dogon hanci, hula mai baki biyu, ga lofe a baki. Sherlock Holmes ke nan, gwanin binciken laifi wanda Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro a littafin A Study in Scarlet cikin 1887.

Na bi layin baƙi zuwa gidan da aka liƙa wa lamba 221B, adireshin Holmes a cikin labaran, wanda aka mai da gidan tarihi a 1990. Lambar ma aro ce, don ginin yana tsakanin 237 da 241. Asalin lambar ta faɗa ne kan ofishin kamfanin Abbey National, har sai da suka ɗauki ma'aikaci musamman don amsa wasiƙun masu kawo wa Holmes kukansu.

Falon ɗan ƙarami ne. Kujeru biyu gaban murhu, goge a gefe, kwalaben gwaje-gwaje a lungu, sai takalmin Farisa ƙafa ɗaya da maigidan ke cusa tabarsa a ciki. Mutane suna leƙe-leƙe da ladabi, sai ka ce mai ɗakin ya ɗan zaga ne.

Ni dai kujerar Watson, abokin Holmes mai ba da labarin, ta fi jan hankalina. Doyle likita ne, kuma a Edinbara ya yi karatu hannun Joseph Bell, malamin da kan dubi hannun majinyaci da tafiyarsa ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Wannan idon Doyle ya ba Holmes: tokar taba, sawun takalmi, taɓo a ƙafar wando, kowanne shaida ne. Gaskiya Edgar Allan Poe na Amurka ya riga shi da nasa mai binciken, Dupin, tun 1841, har da abokin da ke ba da labari, amma nasa abokin ko suna ba shi da shi. Doyle ne ya ba abokin suna da sana'a da hali, ya sa shi yana yin tambayar da ke cin mai karatu, yana kuskure a madadinsa. Da Agatha Christie ta fito da nata mai binciken, Poirot, a 1920, ita ma sai da ta haɗa shi da aboki, Hastings.

Abin dariya, Doyle ya gaji da mutumin nasa. A 1893 ya jefa shi cikin kwazazzabon ruwan Reichenbach na ƙasar Suwizalan don ya huta. Ina! Masu karatu suka ce ba su san zance ba, dole ya dawo da shi da rai a 1903. Ƙarshenta sai da labaran suka kai 60: dogaye 4, gajeru 56.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Landan ka leƙa gidan, amma ka fara karanta The Hound of the Baskervilles tukuna. In ba haka ba, tsofaffin kujeru kawai za ka gani.