Zanen Da Baba Ya Ce Ba Zai Sayu Ba

Sana'ar gidanmu sayar da kayan ado ce. Kakana ya yi fataucin ƙorai masu zane da faya-fayai, yana sarowa a hannun masu yi ya kai kasuwannin Danko da Ribah da Zuru. Da kwanon silba da roba suka rage wa ƙwarya kasuwa, sai Baba ya koma sayar da hotunan bango: hoton Ka'aba, kalanda, fastocin 'yan ƙwallo da na taurarin Kannywood, da firam ɗin amare. Ni ma a rumfar na tashi, amma hannuna ya fi karkata ga yin zanen da kaina.

Inda muka saɓa da Baba shi ne irin zanen da nake yi. Ba mutum a ciki, ba doki, ba gida. Launuka ne da layuka kawai. Kuma a gidan kallo na koyo shi, wajen fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Kullum a bencin baya nake samun wuri, inda fuskokin 'yan wasa ba sa fita sosai, sai dai launi. Da haka na lura in za a yi waƙar biki sai allon ya cika da ja da ruwan ɗorawa, komai yana juyawa. In jarumi ya shiga uku sai haske ya ragu, shuɗi da ruwan toka su rufe ko'ina. Ku gwada da kanku: ku kashe sautin waya, ku ɗan runtse ido har fuskoki su dushe. Za ku gane ko murna ake ko kuka, ba tare da kun ji kalma ɗaya ba. To wannan abin da ya rage bayan fuska ta ɓace nake ɗorawa a kan kwali, da bula da gawayi da jar ƙasa da ragowar fentin da na roƙo wajen masu fentin ƙofa.

Baba ya duba ɗaya ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Mai saye zai tambaye ni mene ne wannan. In ban ba shi amsa da kalma ɗaya ba, rumfar gaba zai yi." Ya san kasuwarsa, kuma na ga hakan da idona. Amma na yi ta tunanin kayan Kaka. Wa ya taɓa tambayar da me zanen faifai ya yi kama? Aikin hula fa, ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi a bangon gida? Dukkansu layi ne da launi, kuma kuɗi ake kashewa a kansu ba musu. Bambancin da na gano shi ne kowannensu yana da aikin yi. Faifai yana rufe fura, hula tana kan kai. Mutanenmu suna son irin wannan zane matuƙar yana jikin abin amfani. Da zarar an rataye shi shi kaɗai a bango sai su fara neman fuska a ciki.

Da na kai wa wani malaminmu wannan magana, ya ce mini a Turai ma sai wajen 1910 masu zane irin su Kandinsky, mutumin Rasha, suka fara yin zanen da ba ya kwaikwayon kamannin komai, kuma shi da kiɗa yake kwatanta launi. Ya kuma ba ni labarin ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda su tsaya kan salon Turawan da ke koyar da su kaɗai, suka riƙa haɗa shi da adon gargajiyar gidajensu. Abin da ya fi zauna mini shi ne labarin Van Gogh na ƙasar Holan. Shi zanensa yana kama da abin da ya zana, amma gidansu kamar namu ne: baffanninsa dillalan zane ne, shi kansa ya fara aiki a shagon sayar da zane a 1869 yana ɗan shekara 16, kuma ƙanensa Theo, wanda shi ma dillali ne, ya ɗauki nauyinsa har ya mutu a 1890. Duk da haka kaɗan ne aka saya cikin zanensa yana raye. Wannan ɓangaren ban gaya wa Baba ba.

Yanzu dai mun yi yarjejeniya. Ya ba ni ƙusa ɗaya a gefen rumfa har zuwa bikin Uhola, in ba a saya ba Ronaldo ya koma wurinsa. Ranar kasuwar da ta wuce wata mata ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce ita ba shi take so ba, a yi mata irin launukan a kewayen firam ɗin 'yarta da za ta aurar. Baba bai ko kalle ni ba ya yanka mata farashi.

Wanda aka manna a ƙarƙashin wannan takarda na yi shi ne bayan na kalli Labarina na Aminu Saira. Na bar fili a gefe, duk wanda ya tsaya ya rubuta abin da ya ji da ya gan shi. 'Yan JS1, don Allah da fensir.