DA TSOHUWAR ZUMA: AC/DC DA FAIFAN DA SU KA YI BAYAN AN FIDDA RAI

Duk wanda ya kalli fim ɗin Iron Man na farko, wanda ya fito a 2008, to ya ji kiɗan AC/DC, ko ya san sunan su ko bai sani ba. Ku tuna yadda fim ɗin ya buɗe: jerin gwanon motocin sojan Amurka su na keta ƙura a ƙasar Afganistan, Tony Stark na hakimce a kujerar baya da kofi a hannu, ga wani kiɗan jita mai kaushi ya na tashi daga ƙaramar rediyo. Wannan waƙa ita ce "Back in Black". Kafin jarumin ya buɗe baki, kiɗan ya riga ya gaya mana ko wane irin mutum ne: mai kuɗi, mai taƙama, wanda ba ya neman iznin kowa. Da aka zo yin kashi na biyu a 2010 kuwa, sai aka fitar da faifai sukutum na waƙoƙin ƙungiyar da sunan fim ɗin.

Ni ma ta wannan ƙofa na shiga gidan su. A cikin irin faya-fayan nan masu ɗauke da finafinai goma a cikin guda ɗaya na fara cin karo da su ina yaro, daga baya na sake jin waƙar su a ƙarshen fim ɗin School of Rock na Jack Black, sai kunne na ya kama. Abokai na har yau su na yi mani tsiya, wai me na ke ji a cikin ƙarar injin markaɗe? Ba na musu da su, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma akwai wani faifai da waɗannan dattawa su ka fitar a 2020 mai suna Power Up, wanda na daɗe ina son in yi wa masu karatu bayanin sa. Labarin yadda aka yi shi ya fi na finafinai da dama da na yi wa sharhi, kuma akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Asalin AC/DC 'yan gida ɗaya ne. Iyalin Young sun yi ƙaura daga birnin Gilasgo na Sikotilan zuwa Ostiraliya a 1963, kuma a birnin Sidni ne Malcolm Young da ƙanen sa Angus su ka kafa ƙungiyar a 1973. Yayar su Margaret ce ta ba Angus shawarar ya riƙa hawa dandali da kayan 'yan makaranta, wato gajeren wando da kwat da 'yar hula, shigar da bai daina ba har furfura ta cika masa kai. Wan su George shi ne ɗaya daga cikin furodusoshin faya-fayan su na farko. Irin kiɗan da su ke yi shi ne rok mai zafi: jita biyu masu aiki da lantarki, jita mai kaurin murya guda ɗaya, ganguna, sai mawaƙi mai maƙogwaro kamar an yayyafa masa tsakuwa.

Tun da wuri mutuwa ta san hanyar gidan su. A ranar 19 ga Fabrairu, 1980, mawaƙin su Bon Scott ya mutu a Landan ya na da shekara 33, bayan ya kwana a cikin mota a buge. Kowa ya ɗauka shi kenan. Sai su ka ɗauko Brian Johnson, mutumin arewacin Ingila wanda a lokacin sana'ar sa ita ce gyaran rufin motoci. Cikin watan Yuli na wannan shekarar su ka fitar da faifan Back in Black da baƙin bango, alamar makoki. An ƙiyasta cewa an sayar da kwafi kusan miliyan 50, abin da ya sa shi cikin faya-fayan da su ka fi kasuwa a tarihin duniya.

To amma sai an san Malcolm kafin a gane nauyin abin da ya faru daga baya. Idan ka kalli bidiyon wasan su, idon ka kan Angus zai tsaya, domin shi ne mai tsalle, mai birgima a ƙasa da jitar sa. Malcolm kuwa ya na can baya kusa da ganguna, ƙafa ɗaya na dukan ƙasa, ba ya matsowa gaba sai in za a yi amshi, ya gama ya koma wurin sa. Amma shi ne mai gidan. Shi ke riƙe da zaren kiɗan, shi ke yanke hukunci. Mu da mu ka tashi mu na jin kiɗan kalangu mun san wannan: mawaƙi ke samun tafi da kyauta, amma in makaɗin da ke baya ya karkace, waƙar ta zube. A harkar fim ma haka ne, jarumi ke kan fasta, mai tace hoto na cikin ɗaki ba wanda ya san fuskar sa.

Wannan mutum ne ciwon mantuwa ya kama. Angus ya bayyana cewa tun a rangadin faifan su na Black Ice, wanda ya fito a 2008, sai Malcolm ya zauna ya sake koyon waƙoƙin da shi da kan sa ya ƙirƙira kafin ya hau dandali. Ku yi tunanin wannan, jama'a. Wasan sa na ƙarshe shi ne na birnin Bilbao a Sifen, a watan Yuni 2010. A 2014 aka ba da sanarwar ya ajiye aiki, ɗan wan su Stevie Young ya karɓi jitar.

Daga nan abubuwa su ka riƙa zuwa a jere kamar an buɗe masu ƙofa. A Nuwamba 2014 'yan sanda su ka kama mai ganga Phil Rudd a Niyu Zilan. Ya amsa laifin barazanar kisa da mallakar ƙwaya, kotu ta yi masa ɗaurin talala na wata takwas a gida a 2015. A Maris 2016 likitoci su ka gaya wa Brian Johnson ya dakatar da rangadi nan take ko ya kurmance baki ɗaya. Aka ɗauko hayar Axl Rose na ƙungiyar Guns N' Roses ya ƙarasa sauran wasannin, wasu ma a zaune ya yi su saboda karayar ƙafa. Rangadin na ƙarewa a Satumba 2016, mai jita mai kauri Cliff Williams ya ce shi ma ya gaji, ya yi ritaya. A Oktoba 2017 George ya mutu. Ba a cika wata guda ba, ranar 18 ga Nuwamba, Malcolm ya bi shi ya na da shekara 64. Cikin mutum biyar da su ka yi Back in Black, Angus kaɗai ya rage a tsaye, dattijo cikin kayan 'yan firamare. Da marubucin littafi ne ya jera waɗannan masifu haka, da mun ce ya cika gishiri.

Abin da Angus ya yi shi ne ya koma rumbu. Shekara da shekaru shi da wan sa su na ɗaukar guntayen kiɗa su na ajiyewa, waɗanda ba su samu shiga faya-fayan baya ba. Ya zauna ya tsince su, ya zaɓi waɗanda ya san Malcolm na so. A ɗaya ɓangaren kuma, wani masanin na'urorin sauti mai suna Stephen Ambrose ya yi aiki da Brian a kan wata 'yar na'ura da ake sawa cikin kunne, wadda ta ba shi damar sake jin kiɗa ba tare da ya ƙarasa kunnen ba. Phil ya gama da kotu ya kintsa. Cliff da ya ji tsofaffin abokai sun dawo, sai ya fasa ritayar. A watan Agusta 2018 aka hango su a wani situdiyo da ke birnin Vancouver na Kanada tare da furodusa Brendan O'Brien. Cikin kimanin mako shida su ka gama ɗauka. Annobar korona ta jinkirta fitowar, har sai ranar 13 ga Nuwamba, 2020. Waƙa 12 ne, minti 41, kuma kowace waƙa an rubuta sunan Angus da Malcolm a matsayin masu ita. Faifan ya hau lamba ɗaya a ƙasashe 21, ciki har da Amurka da Birtaniya da Ostiraliya. A lokacin Brian na da shekara 73, Angus na da 65.

Ciniki dai ba ya nuna kyan aiki, mu masu sharhin fim mun fi kowa sanin haka. Don haka bari in faɗi abin da kunne na ya ji. Abu na farko shi ne sarari. Yawancin kiɗan zamani an cika shi maƙil, babu wurin da kunne zai huta. A Power Up kuwa jita za ta buga sau uku ta yi shiru, ganga ta amsa, sannan ta dawo. Wannan shirun na tsakani shi ne gadon Malcolm, kuma Stevie ya riƙe shi da amana, bai ƙara komai nasa don a san da shi ba. Abu na biyu shi ne gangar Phil Rudd. Ba ya gaggawa, ba ya ado, dukan sa ɗaya ne kamar na mace mai daka da ta san turmin ta, kuma a kan wannan dukan komai ya zauna. Na uku muryar Brian. Na yi zaton zan ji tsoho na wahala, sai na ji mutum mai murnar an dawo masa da abin da ya fidda rai da shi. Ga kuma amshi na taron maza da ke bin bayan sa, wanda duk mai jin waƙar Hausa zai gane aikin sa nan take.

Akwai waƙa ɗaya da ta fita daban, "Through the Mists of Time". AC/DC ba mutanen waiwaye ba ne, ba su saba waƙar kewa ba. A nan ne kaɗai su ka ɗan sassauta, su ka bari aka ji cewa an yi rashi. Duk da haka ba su yi kuka ba. Irin makokin maza ne da su ka dawo daga maƙabarta, su ka ɗauki fartanya su ka nufi gonar mamacin don kada ta mutu.

Ba zan ce faifan ba shi da aibi ba. Daga tsakiya zuwa ƙarshe akwai waƙoƙi biyu ko uku da in ka ji ɗaya ka ji sauran. Kalmomin waƙoƙin kuma, in ka cire waccan guda ɗaya, ba su da wani zurfi, wasu ma maganganun samartaka ne da ba su dace da bakin mai jikoki ba, ba kuma zan so ƙanne na su haddace su ba. Sannan Power Up bai kai Back in Black ba, kuma ba na jin akwai mai cewa ya kai. Amma ya fi Rock or Bust na 2014 rai nesa ba kusa ba, domin wancan ka na ji ka san gida ne da ake jinya a cikin sa.

Babban zargin da ake yi masu tun da daɗewa shi ne wai faifai ɗaya su ke ta maimaitawa shekara kusan hamsin. Wannan zargi ya taɓa ni, domin kullum abin da mu ke rubutawa kenan a kan finafinan mu: an cika maimaici, babu sabon abu. To mene ne bambancin? A gani na, maimaici iri biyu ne. Akwai na wanda ya ga wani ya yi kasuwa ya kwafa, ko ya kwafi kan sa don lalaci. Akwai kuma na maƙerin da ya shekara arba'in ya na ƙera lauje, kowanne kama da ɗan'uwan sa, amma hannun sa ya san abin da na sabon shiga bai sani ba. AC/DC ba su taɓa bin yayi ba. Zamanin disko ya zo ya wuce, na kiɗan kwamfuta ya zo, su na nan a kan abin da su ka iya. Da ranar tsanani ta zo, wannan abin ne ya tashe su, don kowannen su ya san gurbin sa ko da ido a rufe.

Kwanakin baya na zauna da wani dattijon ɗan wasa, cikin waɗanda iyayen mu su ka sani tun zamanin wasan kwaikwayon talbijin. Ya ce mani yanzu in an kira shi aiki, fitowa biyu ce: ya zauna a kan tabarma ya ce ya ba da 'yar sa, ko ya ce bai yarda ba. Kafin azahar an sallame shi. Ya ce, "Yaro, abin da na iya yanzu ban iya shi ba ina shekara talatin, amma ba mai tambaya ta." Na rasa amsar da zan ba shi. Mutum ya kwashe rayuwar sa ya na koyon yadda ake riƙe fuska, yadda ake yin shiru a gaban kyamara har shirun ya yi magana, sai lokacin da ya nuna sannan mu ajiye shi a gefe. Haka mu ke yi wa marubutan da su ka raine mu da littattafan su, da mawaƙan da muryar su ta fara kauri. Mu na jira sai sun mutu mu cika shafi da ta'aziyya.

Brendan O'Brien bai ce wa waɗannan dattawa su rina gashi su yi kiɗan yara ba. Ya gane abin da su ka fi kowa iyawa, ya gyara masu wuri su ka yi shi. Wannan aikin furodusa ne, kuma shi na ke son in ga daraktocin mu da marubutan labarin mu sun gwada: a rubuta fim wanda dattijo ne ginshiƙin sa, da rikicin sa, da son ran sa, da kurakuran sa, a ba shi fili daga farko har ƙarshe.

Su dai AC/DC sun koma dandali a Oktoba 2023 a wani bikin kiɗa a jihar Kaliforniya, karo na farko cikin shekara bakwai. A Mayu 2024 su ka fara rangadin Power Up daga Jamus, wannan karon babu Phil Rudd babu Cliff Williams, wasu ne su ka riƙe masu gurbi. Ke nan faifan 2020 ya kama wani ɗan lokaci ne da mutum huɗu cikin biyar na Back in Black su ka sake haɗuwa a ɗaki ɗaya, na biyar ɗin kuma ya na cikin kiɗan da ya bari a rumbu. Da Angus ya tsaya jiran lokacin da ya dace, da wataƙila ba a yi shi ba. Namu dattawan ma ba za su jira mu har abada ba. Mai labarin da ya dace da su, ya fito da shi tun su na iya tashi su amsa kira.