Abin da na roƙi masu manhajar sassaƙa

Jama'a, ni gyaran waya na sani, amma tunda yayana ya sayo injin CNC na sassaƙa ƙofofi, ni ne mai zama gaban kwamfuta.

Ran nan muna kan ƙofar wani Alhaji, awa 4 injin na aiki, sai aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta ya manta inda ya tsaya, har sifilin da muka saita ya ɓace. Muka sake saitawa da ido, zanen ya fito biyu-biyu. Katakon ya tafi, yayana ya biya daga aljihunsa.

A daren na rubuta wa masu manhajar: don Allah ta riƙa ajiye sifilin da lambar layin G-code, a ci gaba daga nan. Na haɗa da fayil da hoton ɓarnar, don na san haushin kwastoman da zai ce "wayata ta lalace" ya yi shiru. Na kuma roƙi ƙ, ɗ da ɓ, kullum da hannu nake zana lanƙwasarsu.

Har yanzu shiru. Kai dai kafin ka kunna, huda ɗan rami daidai sifilinka a gefen katako.